Babi na Shida: Zobe a Ƙafar Baƙo

Wa yake sa wa tsuntsun daji zobe, kuma me yake nema? Tambayar takan taso duk ranar da yaro ya harbo ɗan tsuntsu da danƙo a bakin fadama, ko maharbi ya je duba tarkonsa, sai a ga wani siririn ƙarfe naɗe a ƙafar abin da aka kama, ɗauke da lambobi da rubutun boko. Kafin a jima majalisa ta rabu. Wannan ya ce asiri aka yi aka sako shi. Wancan ya ce na wani attajiri ne ya kuɓuce daga keji. A garuruwan da ke gefen Dajin Rugu kuwa, irin su Runka da Safana da Batsari, inda shekarun rashin tsaro suka koya wa jama'a tsarguwa da duk abin da ido bai saba da shi ba, ba za a rasa mai cewa kayan leƙen asiri ne ba.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wani mutum ne a wata ƙasa ya kama tsuntsun, ya ba shi lambar da babu mai irinta, ya rubuta rana da wuri a littafi, ya sake shi, yana fatan wata rana wani zai tsinci lambar ya aiko da labari. Ɗan wannan aiki ya sha ƙaryata abin da masana suka rubuta da hannunsu.

## Ina shamuwa take zuwa?

Manomin Safana bai taɓa buƙatar littafi ya gaya masa cewa tsuntsaye na yin tafiya ba. Da ya ga shamuwa ta sauka kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari cikin zafin bazara, ya san sharar gona ta kama. Za ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, ba mai taɓa ta. Da kaka ta shigo, sai a wayi gari babu ita. Abin da manomin bai sani ba shi ne inda ta nufa, domin ido yana raka tsuntsu ne iyakar ganinsa, daga nan sai hasashe.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan duhu. Har cikin ƙarni na 18 akwai manyan malamansu da suka yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki, ta yi ta barci sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashi mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta. Da aka duba, sai aka ga mashin ƙirar Afirka ne. Wani maharbi na wannan nahiya tamu ya jefe ta, ajalinta bai yi ba, ta tashi da makaminsa ta ƙetare Sahara har ta isa Turai. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, mashin na nan a wuyanta.

Amma ba za a zauna jiran mashi ba. A 1899 wani malamin makaranta a garin Viborg na ƙasar Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara yanka alminiyam ƙanana-ƙanana yana buga abu biyu a jiki: lamba da adireshi. Lamba ta bambanta wannan tsuntsu da 'yan'uwansa, adireshi ya nuna wa mai tsintuwa inda zai aika da labari. Ingila ta ɗauka a 1909. A watan Mayun 1911 aka sa wa wata tsattsewa zobe a yankin Staffordshire, a Disambar 1912 aka kama ta a Natal, can Afirka ta Kudu. Zancen barci a cikin taɓo ya ƙare ke nan.

Ita kuwa shamuwarmu, sai farkon shekarun 2000 aka bi sawunta tiryan-tiryan, lokacin da wasu masu bincike 'yan Danmak suka ɗaura wa wasu na'urar tauraron ɗan'adam a kudancin Nijar. Gabas suka fara yi, sannan suka karya kudu zuwa Tanzaniya, har aka samu wadda ta kai Zimbabuwe. Damina take bi. Lokacin da muke fama da ƙurar hunturu, ita tana can tana cin fara a ɗanyar ciyawa.

## Yadda ake ɗaura shi

Aikin na sammako ne. Tun da asuba ake kafa raga tsakanin sanduna biyu, a gefen duhuwa ko bakin ruwa. Ragar baƙa ce, zarenta siriri ƙwarai, tsuntsu ba ya ganin ta sai ya faɗa, kuma tana da aljifai da yake kwantawa ciki ba tare da ya ji ciwo ba. Duk bayan minti 20 zuwa 30 sai an zagayo, saboda rana da tururuwa da shaho ba sa jira. Kwance tsuntsu daga raga shi ne mafi wuya a duk sana'ar, shi ya sa a ƙasashen da aikin ya kafu sai mutum ya daɗe yana koyo a hannun gwani kafin a ba shi lasisi.

Da an kwance shi sai a sa shi cikin 'yar jakar yadi, duhun ya kwantar masa da hankali. Mai aikin ya riƙe shi a tafin hannu, wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ya zaɓi zobe daidai kaurin ƙafar, ya matse da filaya yadda zai riƙa juyawa amma ba zai zame ba. Ya auna fiffike da rula, ya ɗora shi a sikeli, ya duba gashinsa don sanin ɗan bana ne ko babba. Daga nan ya hura masa iska a ƙirji. Gashin zai buɗe, ta cikin fatar a hango kitse rawaya ya taru a gindin wuya da ciki. Guzurin tafiyarsa ke nan. Duka-duka minti biyu ko uku, an buɗe hannu ya tashi.

Sai jira. A Birtaniya kaɗai ana sa wa tsuntsaye kusan miliyan ɗaya zobe a shekara, amma a cikin ƙanana ko ɗaya cikin 100 ba a sake jin labarinsa daga nesa. Labarin da ke fitowa daga Afirka ta Yamma kuwa ya fi haka ƙaranci. Tsuntsayen na zuwa, zobban ma na faɗawa hannun mutane. Aikawa ce babu.

## Baƙon da aka ce ɓata ya yi

Domin a ga abin da mai gida zai iya ganowa wanda ya kuɓuce wa masani, bari mu leƙa Amurka.

Akwai wani ɗan tsuntsu a can da ake kira hamingbad, jinsinsa ya haura 350, kuma babu shi a ko'ina sai nahiyar Amurka. Yakan tsaya cak a iska a gaban fure yana zuƙar ruwan zaƙinsa, fiffikensa na kaɗawa sau 50 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, har da baya-baya yana iya tashi. Waɗanda za mu yi magana a kansu nauyinsu giram 3 zuwa 4 ne. Fallen takardar A4 guda ya fi su nauyi. Mutanen ƙasar suna son sa, don haka sukan rataye kwalba mai jan baki a farfajiyar gida, cike da ruwan sukari, awo ɗaya na sukari awo huɗu na ruwa, su zauna bakin taga suna kallo.

Shekara da shekaru littattafai suna cewa jinsi ɗaya tak ke zama a gabashin ƙasar, mai jan maƙogwaro, kuma kafin sanyi ya sauka ya wuce Mekziko da Amurka ta Tsakiya. Har shawara ake bayarwa cewa a sauke kwalabe da kaka. Sai dai ba kowa ke saukewa ba; wani mantuwa, wani taurin kai. Irin waɗannan gidaje, a jihohin kudu maso gabas, su suka riƙa ganin ɗan tsuntsu a bakin kwalba cikin Disamba da Janairu. Idan sun kai labari, amsar da suke samu ɗaya ce: ɓata ya yi, kuma sanyi zai gama da shi.

A 1979 wata mata mai suna Nancy Newfield, a kusa da birnin New Orleans na jihar Luwiziyana, ta fara bin gidajen nan tana sa wa baƙin zobe. Daga baya Bob Sargent da matarsa Martha suka kafa ƙungiyar irin wannan aiki a jihar Alabama, suka horar da wasu. Dabarar ba ta da wuya. Mai gida ya buga waya, mai zobe ya zo da keji, ya sa kwalbar da tsuntsun ya saba da ita a ciki, ya ɗaura zare a ƙofar ya koma gefe. Zoben kansa sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi. Da gilashin kuma ake duba baki: na ɗan bana yana da 'yan tsage-tsage da ke gogewa idan ya girma. Ana auna faɗin gashin wutsiya, domin mata da 'ya'yan wasu jinsuna sun yi kama matuƙa, sai a hannu ake rarrabe su. Wani lokaci a ɗiga masa ɗan fenti a ka, don mai gida ya gane nasa daga taga.

Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Jinsi fiye da goma aka samu suna cin sanyi a yankin da aka ce ɗaya ne ke zuwa. Mafi yawansu wani ja ne da ke hayayyafa can arewa maso yamma, har Alaska, wanda a rubuce Mekziko ce masaukinsa. Kuma sanyin bai kashe su ba. Idan dare ya yi tsanani, tsuntsun yakan saukar da zafin jikinsa da bugun zuciyarsa, ya sandare kamar matacce, da gari ya waye ya farfaɗo ya nemi kwalba da ƙananan ƙwari. Babban abin shi ne, da shekara ta zagayo aka sake kafa keji, sai ga lambar bara. Gida ɗaya, sau da yawa ma reshe ɗaya, shekara uku, biyar, har fiye. A Janairun 2010 aka sa wa wata mace zobe a Tallahassee ta jihar Fulorida, a Yunin shekarar aka kama ta a Chenega Bay ta Alaska, tazarar sama da kilomita 5,600.

Wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa shekara biyar a jere, da wuya a kira shi ɓatacce. Wasu masana na ganin tun fil azal tsuntsayen ke zuwa, masu dubawa ne babu. Wasu na ganin kwalabe da furannin lambu da sassaucin sanyi ne suka buɗe musu sabon masauki. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun sun faru, kuma Turai ta ba da hujjar na biyun. Wani ɗan tsuntsu mai baƙar hula, da aka sani yana gangarawa Sifaniya da Afirka, ya fara yawaita a lambunan Ingila cikin sanyi tun daga shekarun 1960, yana cin abincin da ake zuba wa tsuntsaye. An zaci 'yan gida ne suka ƙi tafiya. Zobe ya nuna daga tsakiyar Turai suke, irin su Jamus da Ostiriya. Sun sauya alƙibla ne gaba ɗaya.

## Namu baƙin

Wanda ya ga hoton hamingbad zai ce ai akwai shi a Safana. Kama da wane ba wane ba ne. Namu sha-kauci ne: shi ma ƙarami, mai sheƙi, mai lanƙwasasshen baki, mai son fure, amma ba dangin juna ba ne, kuma namu ya fi son ya sauka kan reshe ya sha a natse. Ba ya buƙatar kwalba. Furen kauci da na zogale da tumfafiya da gawo sun ishe shi, kuma yana biyan kuɗin abincinsa da barbarar furannin. Akwai wani ƙaraminsu, namijin kore ne mai rawayan ciki da dogayen gashin wutsiya biyu, wanda ke bayyana a wannan yanki namu da rani, ya yi sheƙa cikin sanyi, da damina ta kankama ya matsa arewa. Tafiyarsa gajera ce, amma tafiya ce.

Masu doguwar tafiyar daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa. Wani ƙiyasi na 2009 ya ce ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ke barin Turai zuwa kudu da Sahara kowace kaka. Suna isowa daga Satumba zuwa Oktoba, su juya a Maris da Afrilu. Kowa ya san su, ba a dai san baƙi ba ne. Ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa wutsiya, yana cafkar ƙwarin da kofato ya tayar, daga can yake. Haka masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓon bakin madatsar Zobe idan ruwa ya ja baya. Haka wata kurciya mai zanen baƙi da fari a gefen wuya. Ko alhudahuda, wanda ya kai wasiƙar Annabi Sulaiman, akwai ɗan gida akwai kuma mai zuwa daga arewa.

'Yan ci-rani ne, ba wani abu ba. Kuma kamar yadda ɗan ci-rani yake da zauren da yake sauka duk shekara, da mai masaukin da ya san shi, haka su ma. A cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, an sa wa wani ɗan tsuntsun Turai mai farar gira zobba masu launi, yadda za a gane kowanne daga nesa ba sai an sake kama shi ba. Waɗanda suka rayu, bayan sun je Turai sun hayayyafa, kusan dukkansu a ɗan filin da suka riƙe bara suka sake sauka.

To wane ne mai masaukin a ƙasar Safana? Gawo ne a gaba. Itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, wanda manomi ke bari a gona saboda gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa kuma dabbobi na cin 'ya'yansa, shi ne ke cike da ƙwari da fure a daidai lokacin da sauran daji ya bushe. Wasu masu bincike 'yan Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun yi shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sun tarar baƙin masu zaɓe ne ƙwarai: mafi yawan jinsunan itace ko kallo ba su ishe su ba, sun taru ne a masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da danginsu. Bedi, da muka cika garuruwanmu da shi, inuwa ce mai daɗi ga ɗan'adam, amma ga waɗannan baƙi kusan gidan yunwa ne, don ƙwari ba sa son sa. Duk gawon da aka sare aka maye gurbinsa da bedi, an rufe zaure ɗaya. Ba na cewa a daina dasa bedi. Cewa nake kada a ƙirga shi a matsayin diyya.

## Abin da aka gano a ƙasar nan

Sa zobe ba baƙon abu ba ne a Arewa. R. E. Sharland ya yi shekaru masu yawa yana wannan aiki a Kano, shi ne kuma ya riƙa tattara rahoton zobban Najeriya. A Vom, wani likitan dabbobi mai suna V. W. Smith ya kama ɗimbin masu bin shanun nan a shekarun 1960. C. H. Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin ayarin da suka je Malamfatori a bakin Tafkin Cadi a ƙarshen shekarun 1960 suna auna baƙin da ke shirin komawa. An tsinci zobban Najeriya a Italiya da Malta da gabashin Turai.

Sikeli ya nuna abu mai ban al'ajabi. Tsuntsun da ya yi hunturu da nauyin giram 17 ko 18, cikin 'yan makonnin bazara sai ya haura 25, wani jinsin ma ya kusa ninka kansa. Dalili a fili yake. Gabansa akwai Sahara, kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba abinci. Da dare yake tafiya, da rana da yawansu su laɓe a inuwar dutse. Ƙasar Katsina da Maraɗi tana cikin zangon ƙarshe da zai iya cika cikinsa, kuma a Maris da Afrilu yake buƙatar hakan, lokacin da ƙasar ta fi kowane lokaci bushewa.

Shi ya sa farinmu yake zama nasu. A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ko'ina akwai shi, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ɗaya. An bincika gida ba a ga dalili ba. Sai daga baya aka haɗa lissafin da ƙarancin ruwan saman 1968 a Sahel, mafarin farin da ya kai maƙura a 1973, wanda dattawan Batsari da Safana ba su manta ba. Tsuntsun ya kai wa Turai labarin yunwar shekaru kafin jaridunsu su kai.

## Idan zobe ya faɗo hannunka

Zargi dai tsoho ne. A Disambar 1892 aka harbe wani jinsin gauraka kusa da Dongola a Sudan, da 'yar battar ƙarfe a wuyansa, cikinta akwai takarda da rubutun Turawa. Aka kai wa Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Omdurman. Ya sa aka kirawo Rudolf Slatin, Baturen Ostiriya da ke tsare a hannunsa, ya karanta, ana zaton saƙon abokan gaba ne. Ashe wani mai gandun daji ne a Askania-Nova, cikin Yukren ta yau, Friedrich Falz-Fein, ya saki tsuntsun a Satumba, yana roƙon duk wanda ya same shi ya sanar da shi wuri da lokaci. Halifa ya ɗauki abin a matsayin aikin marasa abin yi. Sai da Slatin ya tsere a 1895 mai tsuntsu ya samu amsarsa.

A 2013 wani masunci a lardin Qena na Masar ya miƙa wata farar shamuwa ga 'yan sanda saboda na'urar da ke bayanta. Masu bincike na Hangari ne suka ɗaura. A 2018 kuma wata ƙungiya a Folan ta samu takardar bashin waya na sama da zuloti 10,000, domin shamuwarsu ta tsaya a Sudan, wani ya cire layin da ke cikin na'urarta ya yi ta kira har na awa 20. Wanda ba na dariya ba shi ne na 2014: wata ungulu da aka ɗaura wa na'ura a Girka, daga jinsin da ya kusa ƙarewa a can, ta zo cin rani kudancin Nijar, wani maharbi daga Najeriya ya kashe ta don kasuwar masu magani.

Zoben ƙarfe ba shi da batir, ba ya ji ba ya gani, ba ya aika komai ko'ina. Na'ura mai ɗan eriya da ake goya wa manyan tsuntsaye ita ce ke aika saƙo, kuma babban abin da take faɗa shi ne inda tsuntsun yake. Idan ka samu zobe, karanta duk abin da ke jiki ka kwafe shi daidai, harafi da lamba. Za ka ga sunan gari, kamar London ko Stockholm ko Paris ko Arnhem ko Helgoland. Ofishin zobban ƙasar ke nan. Ɗauki hoton zoben da na tsuntsun da waya. Rubuta rana, da sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, da yadda aka same shi. Faɗi gaskiya ko da harbinsa aka yi, domin sanin abin da ke kashe su rabin binciken ne. Idan da ransa, kada ka cire zoben, ka kwafi lambar ka sake shi. Ana shigar da bayanin a adireshin intanet na ring.ac, wanda ƙungiyar ofisoshin zobba ta Turai ke kula da shi, ko a tuntuɓi cibiyar Jos. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma nan kusa, ba za a rasa ɗalibin da zai taya cikewa ba. Babu kuɗi a ciki, gara a faɗa tun yanzu. Abin da za a aiko maka shi ne tarihin tsuntsun: ranar da aka sa masa zoben, da garin, da nisan da ya yi kafin ya iso gonarka. Ko tsohon zoben da ya daɗe cikin aljihun taguwar wani maharbi yana da amfani, muddin ya tuna wuri da shekara.

## Ɗan bana da tsohon hannu

Duk da haka akwai masu ɓata na gaskiya. Iska mai ƙarfi takan kwaso tsuntsayen bakin teku na Amurka ta watsar da su a gaɓar Senegal ko Gana. Kuma idan aka duba, galibin ɓatattu 'yan bana ne.

Wani masani ɗan Holan, A. C. Perdeck, ya gwada dalilin tsakanin 1948 da 1957. Ya kama wasu baƙaƙen tsuntsaye masu yawo garke-garke, fiye da 11,000, suna kan hanyarsu ta zuwa Ingila da arewacin Faransa. Ya sa musu zobe, ya loda su a jirgin sama zuwa Suwizalan, kusan kilomita 600 daga hanyarsu, ya sake su. Manya, waɗanda suka taɓa yin tafiyar, suka gane an kauce da su, suka karkata suka nufi masaukinsu na asali. 'Yan bana kuwa suka miƙe a kan alƙiblar da aka haife su da ita kamar ba abin da ya faru, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifaniya, inda iyayensu ba su taɓa zuwa ba. A shekarun da suka biyo baya, an ga waɗansunsu sun sake komawa wannan sabon wuri. Kuskuren shekarar farko ya zama hanya.

Wannan ya bar mu da tambayar da zobe ba zai iya amsawa ba. Shi yana faɗa mana inda aka tashi da inda aka sauka ne kawai. Ɗan tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Yuni, wanda bai taɓa ganin rairayi ba, ya tashi shi kaɗai cikin dare a Satumba, me ya nuna masa kudu? Babi na gaba zai shiga da mu cikin kan tsuntsun, mu ga abin da yake karantawa a rana da taurari da maganaɗisun ƙasa, da abin da ƙurar hunturu da fitilun birane ke yi wa wannan karatu.